Suna, Nasaba da Hatimin Kotu: Tsokaci a kan Takardar Rantsuwar Sauya Suna

Manyan jaridun Turanci da ke fitowa kullum a Nijeriya sukan ware shafi ɗaya ko biyu ga wasu 'yan ƙananan sanarwoyi masu kama da juna, an jera su cikin akwatuna kamar saƙar zuma. Lafazinsu kusan ɗaya ne: wane, wanda aka sani a da da suna kaza, daga yau yana son a riƙa kiransa da suna kaza, takardunsa na baya duk suna nan da ƙarfinsu, hukumomi da sauran jama'a su lura. Kafin kowace sanarwa akwai wata takarda da ta riga ta, wato takardar rantsuwar sauya suna, wadda jama'a ke kira afidabit, mai ɗauke da hatimin kotu da sa hannun kwamishinan rantsuwa. Shafi ɗaya ce tak, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma tana taɓa abu biyu da shari'ar Musulunci ta kewaye da doguwar katanga: nasaba da gaskiyar furuci.

Hanyar samun ta sananniya ce. Mai buƙata ya je rajistar Babbar Kotun jiha ko kotun majistare, a buga masa bayanin da ya faɗa, ya biya kuɗin hatimi, kwamishinan rantsuwa ya sa hannu bisa Dokar Rantsuwa ta 1963, sannan ya kai jarida a wallafa. Babu alƙalin da ke zama ya saurari maganar, babu shaidu, babu wanda ake kira ya yi jayayya. Kotu ba ta yanke hukuncin cewa abin da ke cikin takardar gaskiya ne. Iyakar abin da hatiminta ke shaidawa shi ne cewa wane ya furta haka. Mafi yawan masu karɓar takardar ba su san wannan bambanci ba, shi ya sa ake jin mutum yana cewa kotu ta sauya masa suna, alhali shi ne ya sauya, kotu ta rubuta cewa ya faɗa.

A da 'yan boko kaɗan ne ke wannan zirga-zirga. Abin ya game gari ne bayan Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014, aka umurci a haɗa layukan waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, hukumar JAMB kuma ta wajabta NIN ga masu rajistar jarrabawa daga 2021. Kwamfuta ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Mamman mutum ɗaya ne ba, ba ta san Garba Abubakar ne ba, ko Audu Abdullahi ne. Sai ga tsoho ɗan fansho da ɗalibi da maniyyaci aikin Hajji sun yi cincirindo a ƙofar kotu, kowa yana neman takardar da za ta daidaita shi da kansa.

Babban aibin takardar shi ne ta zuba al'amura masu hukunci daban-daban a tukunya ɗaya. Wanda ya zo gyara harafin da malamin firamare ya rubuta ba daidai ba, da wanda ya zo rabuwa da suna mai mummunar ma'ana, da wanda ya zo goge sunan mahaifinsa ya sa na wani, duk lafazi ɗaya ake buga musu, kuɗi ɗaya suke biya, hatimi ɗaya suke samu. Na farko babu abin cewa a kansa, gyaran kuskure ne. Na biyu Sunna ta zo da shi a fili.

Imam Bukhari ya ƙulla babi a Kitabul Adab na Sahihinsa a kan mayar da suna zuwa wanda ya fi shi kyau. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da Barratu ta zama Zainab saboda abin da sunan ke ɗauke da shi na tsarkake kai, wata Barratun kuma ta zama Juwairiyya. 'Yar Sayyidina Umar da ake kira Asiya, da harafin sadi, wato mai saɓo, ya kira ta Jamila. Hani'u, wanda mutanensa ke yi wa alkunya da Abul Hakam, ya koma Abu Shuraihin, domin hukunci na Allah ne. Kakan Sa'idu bn Musayyib, mai suna Haznu, an ba shi sunan Sahlu ya ƙi karɓa don kada ya bar sunan da mahaifinsa ya raɗa masa, jikan nasa kuma ya riƙa faɗin cewa tsaurin da sunan ke nufi bai bar gidansu ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, ya tattara irin waɗannan ruwayoyi a littafinsa Tuhfatul Maududi. Abin lura a cikinsu duka shi ne sunan mutumin kansa ake taɓawa. Jamila ba ta daina zama 'yar Umar ba, Juwairiyya kuma ta ci gaba da zama 'yar Harisu.

Sunan uba yana da wani hukunci na daban. An daɗe ana kiran Zaidu bn Harisa da ɗan Muhammadu, har aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka da umurnin a jingina 'ya'yan riƙo ga iyayensu na asali, wanda ba a san mahaifinsa ba kuma a ɗauke shi ɗan'uwa a addini. Babu wani gida a bayan ƙasa da ya fi wanda aka cire Zaidu daga jinginuwa gare shi daraja, amma aka cire shi. Hadisan Sa'adu bn Abi Waƙƙas da Abu Bakrata da Abu Zarri, waɗanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, sun zo da narko mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanin mahaifinsa yana sane. Dalilin a bayyane yake ga mai karatun fiƙihu: a kan nasaba aka gina gado da waliccin aure da muharramaka da ciyarwa. Takardar da ke bai wa mutum damar maye gurbin sunan uba cikin rabin yini, ba tare da an tambaye shi ko wane ne mai sabon sunan ba, ta yi wa babban al'amari riƙon sakainar kashi.

Sai dai masu wa'azi ma suna da nasu laifin a wannan babi, domin da yawansu sukan ɗauko hadisan narko su aza a kan duk wanda sunansa na biyu ba na mahaifinsa ba ne. Wannan gaggawa ce. Imam Ƙurɗubi, malamin Malikiyya da ya rasu a 671, ya kawo misalin Miƙdadu a tafsirinsa na wannan aya. Sunan mahaifinsa Amru, amma ya shahara da ɗan Aswadu, wanda ya riƙe shi a zamanin jahiliyya, sunan kuma ya bi shi har bayan saukar ayar ba tare da an ɗauki mai kiransa da shi a matsayin mai saɓo ba, domin kowa ya san asalinsa, ana faɗa ne don a gane shi. Imam Ahmad ɗan Muhammadu ne, Hambali kakansa ne. Abu Ubaida ɗan Abdullahi ne, Jarrahu kakansa ne. Muhammadu bn Hanafiyya, ɗan Sayyidina Ali, da mahaifiyarsa aka san shi. Abin da aka haramta shi ne da'awar nasabar ƙarya da kore ta gaskiya. Sanarwa da ta ginu a kan abin da jama'a suka sani ba ta shiga ciki ba.

Wannan ƙa'ida ita ke warware matsalar sunayen garuruwa. Tun zamanin makarantun Turawa aka saba rubuta ɗalibi da sunan garinsu, aka sami Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari. Babu mai hankalin da zai zaci Kano sunan mahaifin Malam Aminu ne. Nisba ce irin ta Bukhari da Tirmizi da Ƙairawani, kuma halal ce matuƙar gaskiya ce. Takan zama ƙarya ne idan mutum ya ari sunan garin da ba shi da alaƙa da shi don ya sami takardar shaidar zama ɗan asalin wata ƙaramar hukuma, ya ci gurbin karatu ko na aiki da aka ware wa mutanenta. A nan ma laifin cin haƙƙin wasu ne da ha'inci, ko da sunan uba yana nan ba a taɓa ba.

Mafi yawan akwatunan da ke shafin jarida na mata ne da suka yi aure, kuma a nan ne maganar ta fi bukatar natsuwa. Al'adar mace ta ɗauki sunan gidan mijinta daga Ingila ta zo. Shari'ar Musulunci ba ta san ta ba, al'adar Bahaushe ma haka. Matan Annabi (S.A.W.) sun rayu sun rasu da sunayen iyayensu: A'isha 'yar Abubakar, Hafsa 'yar Umar, har Safiyya 'yar Huyayyu, wanda Bayahude ne da ya mutu yana gaba da Musulunci. Nana Asma'u ta auri Waziri Giɗaɗo ɗan Lema, amma har yau 'yar Shehu ake ce mata. Malaman wannan zamani sun saɓa a kan hukuncin. Da yawa daga malaman Saudiyya sun hana, suna kafa hujja da ayar Ahzab da hadisan da suka gabata. Darul Ifta ta Masar ta halatta a inda al'ada ta gudana da haka, bisa hujjar cewa sanarwa ce kawai, kamar yadda Alƙur'ani ya ambaci matar Nuhu da matar Luɗu da matar Fir'auna a Suratut Tahrim, kuma kamar yadda aka gabatar da Zainab ga Annabi (S.A.W.) a matsayin matar Ibn Mas'ud.

Masu ɗauko fatawar Masar su dasa ta a ƙasar Hausa sun manta da sharaɗin da aka gina ta a kai. Fatawar ta dogara ne da al'adar da sunan ƙarshe yake sunan dangi, wanda kowa ya san mace na shigarsa ta hanyar aure. Bahaushe ba shi da sunan dangi irin wannan. Sunansa na biyu sunan yankan mahaifinsa ne, an dai sauke kalmar "ɗan" ko "'yar" da ke tsakani don sauƙin rubutu. Duk Bahaushen da ya ji "Hauwa'u Musa" abin da zai fahimta shi ne Hauwa'u 'yar Musa. Idan Musa mijinta ne, to a takarda ita da 'yar da ta haifa masa sun zama 'yan uba ɗaya. Da can laƙabin matar aure da ake sa wa a gaban suna da Turanci yakan ɗan rage ruɗun, amma ba ya cikin sunan da kwamfutar banki ko ta fasfo ke gwadawa. Ke nan illar da ta sa aka halatta a can, wato rashin ruɗuwa, ba ta samu a nan ba, hukunci kuwa yana bin illarsa. Ra'ayin hani ya fi ƙarfi a wannan muhalli, ko da an sallama wa masu halattawa a nasu muhallin. In mace tana son a san ko matar wane ce ita, harshen Hausa ya tanadar mata "matar wane" da "uwargidan wane" da "amaryar wane", ba tare da an taɓa gurbin uba ba.

Akwai kuma wahalar da ke biyo baya, wadda mace ce kaɗai ke ɗauka. Aure yana mutuwa, miji yana rasuwa, mace tana sake aure. Kowane sauyi yana nufin sabuwar rantsuwa da sabuwar sanarwa, har a wayi gari takardar sakandarenta da ta jami'a da ta aiki da ta fansho kowace da sunan namiji daban, mahaifin da ya haife ta kuma babu shi ko a ɗaya. Babu dokar Nijeriya da ta wajabta wa matar aure sauya suna. Sau da yawa abin da ke kai ta kotu shi ne shawarar wani akawu, ko kishin miji da ya ɗauki ganin sunansa a katinta alamar iko.

Sabon shiga Musulunci ma yakan faɗa wannan rami, sau da yawa da hannun masu nufin alheri. Sauya sunansa na kansa ba wajibi ba ne sai in yana ɗauke da bauta ga wanin Allah ko wata ma'ana da shari'a ta ƙi. Bilalu da Suhaibu ba su sauya nasu ba. In ya so sabon suna don murnar sabuwar rayuwa, babu laifi. Amma a wurare da dama akan haɗa har da sunan mahaifinsa a share, a maye gurbinsa da na malamin da ya laƙƙana masa kalmar shahada ko na attajirin da ya ɗauki nauyinsa. Ikrima ya musulunta ya yi shahada yana ɗan Abu Jahal, Adiyyu ya rayu yana ɗan Hatimu. Aya ta 15 ta Suratu Luƙman ta yi umurni da kyautata zama da iyaye ko da suna kira zuwa shirka. Uban da ya buɗe jarida ya ga ɗansa ya sanar wa duniya cewa ya ajiye sunansa, da wuya ya saurari da'awa bayan haka.

Mafi yawa a ƙasar Hausa, kuma mafi ɓoyuwa, shi ne ɗan riƙo. Yaro ya tashi a hannun baffansa ko kawunsa ko mijin yayarsa, a kai shi makaranta a rubuta shi da sunan mai riƙon, wani lokaci don kunya, wani lokaci don kada ya ji an bambanta shi da 'ya'yan gida. Sunan ya bi shi daga firamare zuwa takardar WAEC zuwa digiri. Laifin ba na yaron ba ne, kuma muddin dangi sun san gaskiya hukuncinsa ya yi kusa da na Miƙdadu. Amma zamanin Miƙdadu ƙwaƙwalwar jama'a ce rajista. Yau takarda ce, ita kuwa takarda takan fi waɗanda suka san gaskiya tsawon rai. Bayan shekara arba'in, tsofaffi sun ƙare, sai jikoki su tsaya a gaban alƙali wajen rabon gado da takardun da ke cewa wane ɗan wane ne. A irin wannan hali takardar rantsuwa tana iya zama alheri, idan aka yi amfani da ita aka mayar da mutum ga mahaifinsa. Abin takaici, tsoron saɓanin takardu yakan sa a yi akasin haka: a je a rantse a tabbatar da sunan da ba daidai ba, domin shi ne ke kan satifiket.

Wannan ya kai ga maganar rantsuwar kanta. Mutane da yawa suna sauƙaƙa wa kansu da cewa ba a ɗauki Alƙur'ani ba, ba a ambaci sunan Allah ba, saboda haka ba rantsuwa ba ce. Ta fuskar kaffara suna da abin riƙewa, domin a fiƙihu rantsuwa ba ta ƙulluwa sai da sunan Allah ko siffarsa. Amma rashin kaffara bai mayar da ƙarya halal ba. Bayanin ƙarya da aka rubuta don hukuma ta gina hukunci a kansa ɗan'uwan shaidar zur ne, wadda hadisi ya lissafa cikin manyan kaba'irai, dokar Final Kod kuma ta tanadi hukunci a kansa. A wurare da dama mai rantsuwar ba ya ko ganin fuskar kwamishinan. Ɗan kamasho ne a bakin ƙofa ke karɓar kuɗi ya shiga ya fito da takarda. Ta wannan ƙofa ce mai amfani da satifiket ɗin yayansa da ya rasu ke shiga, da ƙanwar wannan takarda, wato ta rantsuwar shekaru, wadda ke mayar da ɗan sittin ɗan hamsin da biyu don ya tsawaita zama a ofis.

Ita dokar ƙasa ma ba ta bai wa takardar ƙarfin da jama'a ke zato ba. A ranar 13 ga Fabrairu, 2020, ana gobe rantsar da sabon gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon saboda takardun da mataimakinsa, Biobarakuma Degi-Eremienyo, ya miƙa wa hukumar zaɓe suna ɗauke da sunaye mabambanta. Takardun rantsuwa da sanarwar jarida da ya dogara da su ba su fisshe shi ba. Kotun ta tafi a kan cewa furucin rantsuwa kawai ba ya gyara sunan da ke kan takardar shaida ta hukuma. Ana bukatar takardar ƙuduri ta musamman da lauyoyi ke kira did fol, sannan a wallafa a gazet ɗin gwamnati. Kujerar gwamna ta salwanta a kan abin da dubban ɗalibai ke ɗauka sun gama da shi da zarar sun ga hatimi.

Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya aure da dangantakar iyali da riƙon yara da gado a cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Nasaba tana tsakiyar waɗannan duka, kuma littattafan da alƙalai ke aiki da su, irin su Muhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim, sun shimfiɗa hanyoyin tabbatar da ita: shimfiɗar aure, da iƙirarin uba ga ɗan da ba a san nasabarsa ba, da shaidar adilai, har da shaidar ji da ta yaɗu a cikin jama'a. Babu furucin mutum shi kaɗai a kan kansa a cikinsu. Saboda haka alƙalin da aka kawo wa takardar sauya suna a shari'ar gado bai kamata ya ɗauke ta fiye da da'awar mai ita ba.

Gyaran da ake bukata ba mai tsada ba ne. Ma'aikatun shari'a na jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci suna iya raba takardar gida biyu. Gyaran harafi da sauya sunan mutum na kansa su ci gaba da tafiya a rajista kamar yadda suke. Duk buƙatar da ta taɓa gurbin uba kuwa a kai ta gaban alƙali, a tambayi mai ita alaƙarsa da sunan da zai ajiye da wanda zai ɗauka, a ji daga shaidu biyu na danginsa, a kuma rubuta sunan mahaifi na haƙiƙa a jikin takardar ko da sunan shahara ya saɓa masa. Marayun da rikici ya raba da iyayensu tun suna ƙanana, kamar yadda aka gani a Borno da Yobe, su ma wannan zama ne zai amfane su: a ba yaro suna na gama-gari irin Abdullahi a gurbin uba, a rubuta cewa ba a san mahaifin ba tukuna, ƙofa ta zauna a buɗe ko wata rana dangi za su bayyana. Limaman da ke raɗa suna ranar bakwai kuma suna da abin yi tun daga tushe, domin su ne na farko da ke furta sunan yanka tare da na uba a gaban shaidu. Da za a riƙa rubuta abin da suka furta a wannan safiya, da haruffan da iyaye suka amince da su, a kai wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa don takardar haihuwa kafin Abba ko Ummi ko Baffa su rufe sunan na asali, da layin da ke ƙofar rajistar kotu ya ragu ƙwarai.